Ashe Hanci Ya San Daɗin Gishiri

Hausawa sun ce hanci bai san daɗin gishiri ba. Na shekara wajen ashirin ina koyar da wannan karin magana a aji, ina bayyana wa ɗalibai cewa ana yin ta ne ga wanda aka ba abu mai daraja alhali bai san darajarsa ba. To amma yau ga ni ina neman afuwar magabata, domin kuwa nawa hancin ya san daɗin gishiri, har ma ba ya kwana sai ya sha ruwansa. Yadda aka yi ya sani ɗin shi ne labarin da nake son in ba 'yan uwana marubuta da sauran masu karatu, ko Allah zai sa wani ya tsira daga wahalar da na jawo wa kaina da iyalina saboda raina ciwo.

An haife ni a wani ƙauye da ke ƙasar Ɗambatta, a arewacin Jihar Kano. Wanda ya san wannan yanki ya san babu daji a cikinsa. Gona na jingine da gona, gida na hango gida, iyakar wani ita ce farkon ta wani, sai itatuwan gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya da aka bari jefi-jefi a tsakiyar gonaki. Ƙasa ba ta hutawa, saboda haka taki ne ranta, jakuna na ta jigilarsa a mangala tun daga tsakiyar rani. Da kaka kuwa komai na gona gida yake dawowa. Gero da dawa su shiga rumbu, kara a jingine shi a bayan danga, harawar wake da ta gyaɗa a ɗora ta a kan rufin ɗaki ko a reshen itace domin dabbobi. Wato dai mutum da amfanin gonarsa da ƙurar amfanin gonarsa wuri guda suke kwana.

Tun ina yaro an san ni da atishawa. Da zarar an fara sussuka da shiƙa, ƙaiƙayin gero ya tashi a iska, shi ke nan na shiga uku. Sai in jera atishawa goma ko fiye ba hutu, hanci na zubar da ruwa fari tas kamar an buɗe famfo, idanu su yi ja suna ƙaiƙayi, dama an ce abin da ya taɓa hanci shi ke sa ido ruwa. Kafin in farfaɗo daga wannan sai hunturu ya kawo nasa hazon, a wayi gari komai ya yi fari fat. Innata takan ce sanyi ne ya kama ni tun ina goye. An jiƙa mini citta da kanumfari, an yi mini surace da ganyen darbejiya, an hana ni shan ruwan randa. Baffana kuwa cewa yake yi lalaci ne, wai ban da ranar aiki ba na mura. Babu wanda ya ɗauki abin a matsayin cuta, har da ni kaina. Mura ai ba ta kai mutum asibiti.

Bayan na sami difloma a fannin ilmi, na kama aikin koyar da Hausa a wata makarantar sakandare ta jeka-ka-dawo a shekarar 2006. Nan kuma na haɗu da sabon abokin gaba, wato ƙurar alli. Ajinmu babu gilashi a tagogi, daɓen ya farfashe, yara sun fi tamanin, in sun yi shara da safe sai ka rantse guguwa ce ta shigo. Sai na zama ɗan gida a wani kemis da ke bakin kasuwa. Mai kemis ɗin ya haɗa ni da wata 'yar ƙwaya mai tsayar da atishawa amma ta sa ni gyangyaɗi a gaban allo, da kuma wani maganin ɗigawa a hanci wanda ke buɗe shi nan take. Na ɗauka na sami lafiya. Da farko sau ɗaya nake ɗigawa a yini, daga baya ya koma sau uku, har ta kai kwalbar ba ta barin aljihuna, in na manta da ita a gida hankalina ba ya kwanciya. Daga bisani ma sai ta daina aiki gaba ɗaya. Wajen shekarar 2013 hancina ya toshe ta kowace kafa, dare da rana, rani da damina. Da baki nake numfashi, in wayi gari maƙogwaro ya bushe kamar busasshiyar fata, minsharina kuwa uwargida ta ce har a zaure ana jin sa.

Ka dubi ikon Allah, mai karatu. Ni ne malamin da ke koyar da tsarin sauti, ni ne ke bayyana wa yara cewa "m" da "n" su ake kira 'yan hanci, domin ta hanci iska ke fita idan ana furta su. To ga shi hanyar ta rufe. In na ce "mama" sai a ji "baba", in na ce "nama" sai a ji "daba". Ranar da na tsaya ina ba da misali da waɗannan kalmomi, aji ya kece da dariya har shugaban makaranta ya leƙo. Tun daga ranar sunana a bakin yara ya koma "Balab", wato yadda nake faɗin "Malam". Na yi fushi, na yi horo, amma a raina na san gaskiyarsu ce.

Abin da ya fi wannan muni a hankali ya zo, ban ma lura da ranar da ya zo ba. Wata rana dai a shekarar 2015 uwargida ta turara ɗaki, ta zauna tana jiran in yaba, ni kuwa na shigo na ɗauki littattafan yara na hau dubawa. Ta ce, "Malam, wai ba ka ji komai ba?" Na ce, "Me aka ce?" Ta tashi ta fita. Sai daga baya na kai hancina bakin kaskon turaren, na ga hayaƙi da idona, amma ban ji komai ba. Na gwada kalanzir, na gwada daddawa, na gwada albasa, duk ɗaya. Abinci ma ya koma ba shi da bambanci, in ban da gishiri da yaji da zaƙi da tsami, domin ashe yawancin abin da muke kira ɗanɗano aikin hanci ne. Miyar kuka da miyar kuɓewa sai a ido nake rarrabe su. Amma duk da haka ban je asibiti ba. Na ce ai rashin jin wari ma wata rahama ce ga mai bin hanyar da ake tara taki.

A cikin watan Janairu na 2019 ne wasa ya ƙare. Sanyi ya tsananta a wannan dare, uwargida ta sa wa yara garwashi a kasko a ɗakinsu, da niyyar ta fitar da shi in ɗakin ya yi ɗumi, sai barci ya sace ta. Ni kuwa ina ɗakin da ke jikin nasu, ƙofa ɗaya ce tsakaninmu, labule ne kawai ya raba. Ina zaune ina rubuta wani ƙagaggen labari da na daɗe ina fama da shi, har ma ina kan bayyana irin ƙamshin da ke tashi daga ɗakin amarya, ni da na shekara huɗu ban ji ƙamshi ba. Ashe bakin bargon auta ya zamo ya faɗa kaskon, yana ci a hankali, ya kama gefen katifa. Innata, tsohuwa mai shekara saba'in da ɗoriya, wadda ɗakinta ke can ƙarshen tsakar gida, ita ce ƙauri ya tasa daga barci. Sai ji na yi tana salati tana cewa, "Kai yaron nan, kana zaune gida na ci!" Da na ɗaga labule hayaƙi ne ya tare ni. Muka fito da yara uku suna tari, muka kashe wutar da ruwan randa. Allah Ya taƙaita, ƙuna ce kaɗan a ƙafar auta, tabon na nan har yau. Babu wanda ya ce mini uffan, amma da gari ya waye na kasa haɗa ido da kowa a gidan. Taku huɗu ne tsakanina da 'ya'yana.

Da safen nan na ɗauki madubi da tocila na leƙa hancina, na ga wani abu fari-fari mai sheƙi ya cika kafar, kamar ɗan inabin da aka ɓare wa bawo. Inna ta ce a kira Sarkin Aska, ai shi ya cire mini beli ina jariri, wannan ma nama ne ya tsiro, aska ɗaya ta ishe shi. Ni ma na so hakan, domin tsoron asibiti da tsoron kuɗinsa. Tsohon ya zo da zabirarsa, ya zaunar da ni a rana, ya ɗaga haɓata ya daɗe yana dubawa, har ya taɓa abin da tsinke, ban ji zafi ba. Sai ya mayar da kayansa ya ɗaure. Ya ce, "Malam, abin da ido ke gani ganye ne, saiwar tana can sama inda askata ba ta zuwa. In na yanka jini ya ɓalle a wurin da hannuna ba ya kaiwa, me zan ce wa mahaifiyarka? Tafi birni." Na sha jin ana zagin wanzamai a kan ganganci, kuma akwai masu yin sa, amma ni dai wanzami ne ya fara ba ni shawarar likita.

A Kano akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, akwai kuma a Asibitin Murtala. A Kaduna ma akwai cibiyar ƙasa ta kula da irin waɗannan cututtuka, wadda aka kafa a 1999. Duk wannan ban sani ba sai da buƙata ta kama ni, alhali tafiyar da ke tsakaninmu da birni ba ta kai awa biyu a mota ba. Na sami takarda daga ƙaramin asibitinmu, na yi sammako, na bi layi, har na isa gaban wani likita wanda da ganinsa na girme shi. Ya fesa mini wani magani, ya zura wani siririn bututu mai fitila a baki, ya juyo da allon na'urar ya ce in kalla. Na ga cikin hancina cunkushe da irin wancan abu, curi-curi, dama da hagu.

Ya ce, "Malam, cuta biyu gare ka, kuma kowace da maganinta." Ta farko ita ce wadda suke kira alaji, irin abin da mukan kira borin jini idan ya fito a fata. Sojojin da ke tsaron jiki ne ke kuskure, su ɗauki abin da ba shi da illa a matsayin abokin gaba, kamar garin furen ciyawa, ko funfunar da ke kama kara da harawa, ko wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari da ido ba ya gani masu zama a katifa da matashi. Da sun shaƙo shi sai su saki wani sinadari mai suna histamin, shi ke kawo atishawa da ƙaiƙayi da yoyon hanci. Ƙurar alli da hayaƙin girki da hazon hunturu, wanda iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, su kuma suna ƙara fusata hancin da dama a fusace yake.

Cuta ta biyu ita ce tsiron. Ya zana mini fuska a takarda, ya nuna mini cewa a cikin ƙashin fuska akwai kogunan iska guda huɗu a kowane gefe: a kunci, a goshi, a tsakanin idanu, da kuma can ciki bayan hanci. Dukkansu an shafe su da wata lallausar fata, kuma kowanne na da 'yar ƙofa da yake zubar da majina zuwa hanci. Idan wannan fata ta shekara da shekaru a kumbure, sai ta cika da ruwa ta saki, ta rinƙa reto kamar jaka. Shi ne tsiron. Yawanci daga kogunan tsakanin idanu yake farawa, kusa da rufin hanci inda jijiyar jin ƙamshi take, shi ya sa ƙamshi ke riga komai tafiya. Na tambaye shi ko alajin ne ya haifi tsiron. Ya ce ba duk mai alaji ke samun tsiro ba, ba kuma duk mai tsiro ke da alaji ba, amma in sun haɗu a hanci ɗaya kowanne na ƙara wa ɗan uwansa ƙarfi.

Sai na yi tambayar da ta hana ni barci: "Likita, ba ciwon daji ba ne?" Ya ce irin wannan mai fitowa ta kafa biyu, fari, marar zafi, galibi ba shi ba ne, amma duk abin da aka cire sai an kai ɗakin gwaji. Wanda suke tsoro shi ne mai fitowa ta kafa ɗaya, yana haɓo, ko yana kumbura fuska ko ido, wannan ba a kwana da shi. Ya tambaye ni ko ina fuka, ko kuma ƙirjina na toshewa in na sha asfirin, domin akwai mutanen da abubuwan nan uku ke haɗuwa a kansu, tsiro da fuka da rashin jituwa da asfirin, kuma nasu tsiron ya fi saurin dawowa. Da na fito masa da kwalbar ɗigona sai ya girgiza kai. Ya ce irin wannan magani ba a wuce kwana biyar zuwa bakwai ana amfani da shi, in an zarce sai hanci ya saba, ya rinƙa kumbura fiye da da duk lokacin da maganin ya sake shi. Ni kuwa na shekara bakwai ina ɗigawa.

Bai yi gaggawar kai ni ga wuƙa ba. Ya ba ni ƙwayoyi masu ƙarfi na 'yan kwanaki, ya gargaɗe ni kada in kuskura in ci gaba da sayensu da kaina, domin daɗewa a kansu na kawo hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi. Ya ba ni maganin fesawa na kullum, ya kuma koya mini wanke hanci da ruwan gishiri. Wata uku ina yi. Tsiron ya ɗan ja da baya, amma hanya ba ta buɗe ba. Aka ɗauki hoton ƙashin fuskata da babbar na'urar nan da ake tura mutum cikinta, aka ga kogunan duk sun cika. Sannan ne ya ce sai tiyata.

Kuɗin aikin ya ninka albashina sau da yawa. Na kai tumaki biyu kasuwar Ɗambatta, na sayar da waken da na ajiye don damina, abokan aiki suka bar mini kwasar adashi alhali ba layina ba ne. Tsoro kuwa ba a magana, musamman da aka karanta mini takardar amincewa, aka ce wurin aikin na maƙwabtaka da ido da kuma gindin ƙwaƙwalwa, ƙashin da ya raba su bai fi ɓawon ƙwai kauri ba, ko da yake ba kasafai ake samun matsala ba. Don in kwantar da hankalina sai na koma ga abin da na iya, wato karatu. Na gano cewa ciwon nan tsoho ne. Likitan Girka na da, Abukarata, yakan ɗaura soso a zare ya jawo shi ta cikin hanci don ya tsinko tsiron. Az-Zahrawi, babban likitan Andalus wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya bayyana kayan cire shi a littafinsa At-Tasrif. Aikin zamani da ake yi da bututu mai fitila kuwa ya samo asali ne daga binciken wani likita mai suna Messerklinger a birnin Graz na ƙasar Ostiriya, ya kuma bazu a duniya daga wajen 1985. Na ce wa kaina, in mutanen da suka sha soso da zare sun daure, ni da za a sa wa barci me zai hana?

An yi aikin a cikin dogon hutu, watan Agusta na 2019. Ba a tsaga mini fuska ba, ta kafofin hanci aka shiga aka kwashe tsiron, aka faɗaɗa ƙofofin kogunan. Abin da na sani kawai shi ne an ce in ƙirga, na kai shida, sai na farka na ji hancina cushe da auduga, uwargida na zaune a gefe idanunta sun kumbura. Daren nan ya yi mini tsawo. Da aka zare audugar na ji zafin da ya sa ni hawaye, amma a bayansa sai wata iska mai sanyi ta bi ta hancina ta sauka har ƙirji. Na rufe bakina, na ji ina numfashi. Shekara shida rabona da haka. Aka sallame ni da sharaɗin kada in fyace hanci da ƙarfi, kada in ɗauki kaya mai nauyi, in rinƙa wankewa da ruwan gishiri, in kuma dawo a share mini ɓawon da ke taruwa. Sakamakon gwaji ya fito, ba mugun tsiro ba ne.

Ana kusan mako uku da aikin, ina kwance da la'asar, sai na ji wani abu ya daki hancina, na tashi zaune a firgice ina neman inda wuta take. Ashe daddawa ce uwargida ta jefa a tukunya. Na fita tsakar gida na tsaya a bakin murhu ina shaƙa, yara na kallona suna dariya. Na ɗauki auta na sunsuni kanta, na ji man kitso da ƙura da zufar wasa. An haife ta ne bayan ƙamshi ya bar ni, saboda haka ranar ce na fara jin ƙamshin 'yata. Da aka koma makaranta na rubuta "mama" da "nama" a allo na karanta su da ƙarfi, aji ya yi tsit, sannan aka sa tafi.

Da a ƙagaggen labari ne, a nan zan ajiye alƙalami. To amma ranar da za a sallame ni likitan ya yi mini wata magana da na ji da kunne ɗaya. Ya ce, "Malam, ai kana noma. Sau nawa kake yi wa gero noma?" Na ce noman fari da maimai, wani lokaci har a ƙara. Ya ce, "To ni noman fari na yi maka. Na cire ciyawa, na buɗe hanya don magani ya rinƙa isa inda da ba ya isa. Amma ƙasar da ta fitar da ita tana nan, alajinka ma yana nan, wuƙa ba ta yanke shi. Maimai naka ne, kuma kullum ne."

Wata shida na yi ina bin doka. Sai cutar korona ta zo a 2020, aka rufe gari, maganin fesawa ya ƙare, na sami hujja. Da aka buɗe gari kuma sai na ga ai lafiyata ƙalau, kuɗin magani gara a sayi taki da shi. A shekarar ne ma duniya ta san zafin rashin jin ƙamshi, ina jin ana ta maganarsa a rediyo ina murmushi kamar wanda ya gama nasa. Kaka biyu na shiga sussuka ba tare da na rufe hanci ba. Cikin hunturun da ya shiga 2022 sai na lura ina ƙara kusantar da kofin shayi kafin in ji citta. Wata safiya kuma wani yaro a bayan aji ya ce "Balab" a hankali. Ban hore shi ba, washegari na hau mota.

Likitan ya duba, ya ce sun fara dawowa, amma ƙanana ne. Bai yi mini faɗa ba, cewa kawai ya yi wannan ciwo an san shi da dawowa, wasu sai an yi musu aiki sau biyu ko uku. Akwai sababbin allurai da aka fara amfani da su a Amurka tun 2019 domin masu taurin tsiro, amma tsadarsu ta fi ƙarfin malamin makaranta. Abin da ke hannuna shi ne abin da na yar. Na koma kan magani, cikin wata biyu tsiron ya lafa ba tare da an sake tiyata ba.

Yanzu ga yadda nake rayuwa. Safe da dare nakan tafasa ruwa rabin lita in bar shi ya huce, in zuba gishiri wajen ƙaramin cokali ɗaya, in ɗura shi a kafa ɗaya da sirinji marar allura ya fito ta ɗayar. Kamar shaƙar ruwa ce ta alwala, sai dai ta fi ta zurfi. Bayan nan in fesa magani, ina karkata bakin kwalbar wajen kunne, nesa da karan tsakiya. Ranar sussuka da ranar hazo nakan sa takunkumi, ashe ba a banza Buzaye da masu rawani ke ja amawali ba. Na sauke harawa daga kan ɗakin kwanana, ana shanya katifa da matasai a rana, a aji kuma da jiƙaƙƙen tsumma ake goge allo, a yayyafa ruwa kafin shara. Garwashi kuwa bai sake kwana a ɗakin yara ba.

Nakan ga irina da yawa a kasuwa da masallaci da ɗakin malamai: baki a buɗe, murya a toshe, kwalbar ɗigo a aljihu. In ka tambaya su ce mura ce. Murar da ta wuce wata uku ba ta tafi ba, ko ta tafi da jin ƙamshi, ta wuce a kira ta mura, a je a duba. Wanda kuma aka ce sai an yi masa aiki, kada tsoro ya hana shi, kada kuma ya ɗauka daga ɗakin tiyata an gama.

Wancan labari da nake rubutawa daren gobara na koma kansa bara. Na tarar na cika shafi da "ƙamshi ya gauraye ɗakin" ba tare da na faɗi ƙamshin mene ne ba, kamar yadda da yawanmu ke yi. Na soke, na zauna na rubuta abin da hancina ya shaida mini: turaren wuta da ya kama labule, man shanu a kan tuwo mai zafi, hayaƙin kara da magariba, da ƙasar gonarmu ranar da ruwan fari ya sauka. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, mu kuma Ya ba mu ikon riƙe wadda muke da ita.